Ƙofa a Sama

Shekara goma sha ɗaya ina tankaɗe ƙasa
a tudun Catalhoyuk, kudu da Konya,
rariya a hannu, ƙura a hanci.
Kakata ta ce tudu ne kawai, tumaki su hau su sauka.
Ashe gari ne bisa gari bisa gari,
hawa sha takwas masana suka ƙirga.

Ranar farko na tambayi Nurten, mai burushi da littafi:
"Ina ƙofar gidan?"
Ta ɗaga yatsa sama.
Na ɗauka Allah take nufi.
A'a, rufi.
Mutanen nan ba su da titi, ba su da lungu,
bango ya jingina da bango kamar haƙora a baki.
In za ka gai da maƙwabci sai ka taka kan ɗakinsa,
ka sauka da tsani ta ramin murhu.
Baƙo da hayaƙi hanyarsu ɗaya,
wannan na shiga, wancan na fita.

Shekara dubu tara, in ji su.
Ni da ko shekarun jikokina sai na ƙirga da yatsu.

Na ga baƙin dutse da aka goge har ya zama madubi.
Na leƙa. Fuskata ce, da ƙasa a gira.
Na yi maza na gyara ɗankwali
kamar mai shi za ta shigo ta same ni.
Na ga bangon da aka shafe da farar ƙasa,
shafi kan shafi, siriri kamar ɓawon albasa.
Na ga ƙahon bijimi dashe a tsakar ɗaki.
Na ga haƙarƙarin wata tsohuwa da baƙin hayaƙi a jiki,
girki ya bi ta har ƙashi.
Wannan bai ba ni mamaki ba.
Na san tarin.

Abin da ya sa na ajiye rariya
yana ƙarƙashin makwanci.
Dakalin da suke kwana, nan suke binne nasu.
A tona, a naɗe mamaci gwiwa a ƙirji
kamar ɗan da bai fito duniya ba,
a rufe, a shafe, a shimfiɗa tabarma,
a kwanta.
Na ce subhanallahi, na tofar da yawu.
Nurten ta ce ai har wata aka tarar
rungume da ƙoƙon kan wani,
an mayar masa da fuska da farar ƙasa da jan launi.
Kuma masu kwance a ɗaki ɗaya
ba duka ne jini ɗaya ba, haƙoransu sun faɗa.
To me ya haɗa su?
Ƙasa ta ja bakinta ta yi shiru.

Dursun, mijina, ya tafi
shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Cumra.
Aka kai shi bayan gari yadda addini ya tanada,
kuma daidai ne.
Tafiyar rabin awa ce da wannan gwiwa tawa.
Ran Juma'a nake zuwa da butar ruwa,
in cire ciyawa, in ba shi labarin kuɗin taki.
Sauran kwana shida
gado ya yi mini faɗi.

Ban ce su ne da gaskiya ba.
Na dai ce yawun nan da na tofar,
na yi gaggawa.

Jiya jikana Tayfun ya hau rufi gyaran eriya.
Ina tsaye gaban tukunya na ji takunsa a kaina,
ɗaya, biyu, ya tsaya.
Na ɗaga ido, ludayi a hannu,
ina jiran ƙafar wani ta sauko.

Yau da safe rariya ta ba ni dutsen wuya guda,
ƙarami kamar ƙwayar alkama, da huda a tsakiya.
Doka ta ce a saka a leda, a rubuta lamba.
Na saka.
Amma sai da na riƙe shi a tafi
har ya ɗauki ɗumi.